Ruwan da Ke Shiga Injin Bello

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Tun ɗazu nake jin ku kuna cewa kanikanci ba wani abu ba ne, a kwance a ɗaure, in ya gagara a duba waya. Kai mai jar hula, kai ka ce wata uku ya ishe ka ka koya, ko? To madalla. Jawo bencin nan ka zauna, in ba ku labarin wata akori-kura da ta wahalar da ni a garin nan na Gummi, lokacin iyayenku ma ba su san kansu ba.

Ni a Anka na koyi aiki, wajen wani Bayarabe da ake kira Baba Raimi. Shekarata ta farko ko taɓa inji ban yi ba. Aikina wanke noti da kusa a cikin tsohon kasko, da jera sifanoni a kan buhu daga ƙarama zuwa babba. In yana ƙarƙashin mota ya miƙo hannu, ba ya faɗin lamba. Kai za ka san wadda yake so, in ka miƙa wata, da ita zai jefe ka a ƙwauri. Kayan aikinmu duka akwati ɗaya ne: sifana mai baki da mai zobe, filaya, guduma, jak guda, sai sarƙa da muke ratayawa a reshen maɗaci mu ɗaga inji. Akwai wani dogon sukundireba da ba ya bari kowa ya taɓa. Shi yake kafawa a jikin inji yana aiki, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya rufe ido, ya ce maka fistin na uku ne ke kuka. A buɗe kuwa a tarar shi ne.

Abin da ya fi dasa mini a kai shi ne rashin yarda. Mai mota zai yi maka ƙarya, direba zai yi, mai sayar da kayan gyara ya fi su duka. Na zo na ga haka da idona bayan na buɗe garejina a nan. Mai babur zai turo shi yana rantsuwa haka kawai ya mutu, ka buɗe kafireto ka ji warin kananzir da ya gauraya da fetur. Direba ya ce wallahi bai bi ta gulbi ba, ka leƙa salansa ka tarar da laka ta toshe shi. Wani Alhaji ya taɓa ɗaukata har Gusau in duba masa motar da zai saya. Muna isa na dafa bonet na ji zafi, na ce mu koma. Mai sayarwa ya ce ai ɗumama ta ya yi don mu. Na ce na gode, gobe da safe zan zo in tashe ta da sanyinta. Da muka koma washegari, wai an riga an sayar. Ku riƙe wannan ko da ba za ku yi aikin ba: kada ku sayi motar da kuka tarar da injinta da zafi, kuma in an canza muku wani abu a gareji, ku ce a ba ku tsohon ku tafi da shi.

To sai ga muguwar shekarar nan. Ruwan sama ya ɗauke da wuri, ciwon bushiya ya shiga shanu, garke ya riƙa faɗuwa a daji. A gefenmu kuma kayan gyara suka ɓace daga kasuwa. Gaskit sai ka yi cigiya har Sakkwato, baƙin mai kuwa sai a bayan kanti, kuma ba kowane galan za ka yarda da shi ba. A lokacin ne wasu direbobi suka koyi wani mugun hali. Sai su tsiyaye man inji su sayar wa masu injin niƙa, su cika gurbin da duk abin da suka samu, don in mai mota ya zaro ƙarfen awo ya ga a cike yake. Na kama biyu da hannuna.

Akwai wani Bafillace, Bello, daga wata ruga da ke gefen Bukkuyum. Da ciwo ya ci musu shanu, sai ya kwashe 'yan da suka tsira ya sayar, ya sayi akori-kura, yana ɗaukar shinkafa da fasinja tsakanin Bukkuyum da Gummi da Anka. Bai ƙware da tuƙi ba, shi ya sa ya ɗauki direba, Sahabi, mutumin cikin garin Bukkuyum mai mata da 'ya'ya huɗu. Sahabi ba mai yawan magana ba ne. In ya kawo mota juyen mai, zama yake a kan dutse yana kallon hannunka har ka gama, abin da ni kuma ba na so.

Ranar da suka fara kawo ta da matsala, na zaro ƙarfen awo na ga man ya koma kalar shayi da madara. Na buɗe murfin mai, ga wani farin kumfa ya manne a ciki. Ruwa ya shiga mai ke nan. Kowane bakanike ya san amsar: gaskit ya ƙone, ruwan lagireto yana ratsawa. Na kwance kan silinda, na kankare, na sa sabon gaskit, na wanke cikin inji, na zuba sabon mai. Tsohon gaskit ɗin da na cire bai yi mini kama da wanda ya ƙone ba, amma na ce wataƙila idona ne.

Mako biyu sai ga su. Man ya sake komawa yadda yake. Bello ya tsaya ya riƙe sandarsa a bayan wuya, ya ce, "Malam Bawa, wanga gaskit da ka sa, sabo na kuwa?"

Raina ya ɓaci, amma na shanye. Na ce ko kan silindar ne ya lanƙwashe. Na sake kwancewa, na ɗora shi a kan gilashi na duba, ban ga komai ba. Duk da haka na ɗaure shi a bayan babur na kai Gusau aka goge shi. Na dawo na haɗa da wani gaskit ɗin. A wannan karon na yi dabara. Na cika lagireto har wuya, na rufe, na ɗaure murfin da siririyar waya, na murɗe ta yadda ni kaɗai na san murɗin. Na ce kada kowa ya buɗe sai sun dawo.

Sun dawo ranar kasuwa, suka tsaya a tasha, aka aiko kirana. Na je da sifana a aljihu. Mai ya sake lalacewa, injin ma ya fara wani ƙara daga ƙasa da ba na son ji. Na duba wayata, tana nan yadda na murɗe ta. Na kwance ta na buɗe murfi, ruwa yana nan har wuya, ko cokali bai ragu ba. Wato ba daga lagireto yake shiga ba. Rani ne kuma, ba gulbin da za a ce an tsallaka. Hannun mutum ne ke zuba shi ta sama.

Tasha cike take, direbobi da 'yan kamasho da masu dako duk sun kewaye mu. Ni kuma an yi mako huɗu ana cewa Bawa ya kasa gaskit, wasu ma na cewa tsoho nake mayarwa in ɓoye sabo. Sai na juya na dubi Sahabi.

Na ce, "Sahabi, wa kake sayar wa man?"

Ya ce, "Wane mai, Malam Bawa?"

Na ce, "Man da kake tsiyayewa kana cikawa da ruwa. Ni za ka raina wa hankali? Na kama waɗanda sunka fi ka wayo."

Ya dube ni, ya dubi Bello, ya ce, "Maigida, wallahi tallahi ban taɓa ba. A kawo Alƙur'ani in dafa."

Wani daga baya ya ce duk haka suke cewa, aka kwashe da dariya. Bello ya matso. Hannu kawai ya miƙa, Sahabi ya zaro makulli daga aljihu ya ɗora masa. A ranar, a bayan wata motar shanu Sahabi ya koma Bukkuyum.

Ku da ba ku san tasha ba, maganar da aka yi a Gummi da hantsi, kafin la'asar ta isa Anka. Babu mai motar da ya sake ba Sahabi makulli. Ko 'yan kwana biyu wani direba ya yi ciwo, a nemi mai riƙe masa, in an ambaci Sahabi sai a ce a'a, wannan da ke shayar da inji ruwa? Na ji labari ya koma dakon buhunan shinkafa a fadama, mutumin da ke da lasin tun kafin in buɗe gareji. Ni kuwa ban ji komai ba a raina. Na canza wa motar abin da ya ci a ƙasa, na zuba mai, Bello ya karɓi tuƙi da kansa, yana tafiya a hankali. Na ɗauka magana ta ƙare.

Bayan mako uku sai ga Bello shi kaɗai. Bai ko yi doguwar gaisuwa ba. Ya buɗe bonet da kansa, ya zaro ƙarfen awo ya miƙo mini dab da hanci.

Ya ce, "To yanzu wa ke sayarwa? Ni?"

Na ce, "A ina take kwana?"

Ya ce a ruga, gindin tsamiya, kusa da bukkar tsohonsa. Na tambaye shi ko akwai wanda ke jin haushin ya sayi mota, ɗan'uwa ko maƙwabci. Ya ce shi bai sani ba, abin da ya sani shi ne wagga mota ita kaɗai ta rage musu, in ta mutu sun tashi. Na juye man na zuba wani, na ce ya tafi, kuma kada ya faɗa wa kowa zan zo.

Kwana uku bayan haka, ina idar da sallar asuba na hau babur. Na isa gari ya waye tangaran. Tun daga nesa na kashe inji na riƙa turawa, na jingine babur a bayan wani rumbu na laɓe, ina hango motar. A raina na gama shirya abin da zan yi wa mai hassadar nan, har da igiya na taho.

Sai ga wani tsoho ya fito daga bukka, dogo siriri, da farin gemu. Baffa Jaɓɓi ke nan, mahaifin Bello. Yana riƙe da ƙoƙo an rufe da faifai. Ya zagaya motar sau ɗaya yana shafa jikinta yana motsa baki, yadda makiyayi ke shafa bijimi. Ya buɗe ƙofa ya ja abin buɗe bonet, ya ɗaga ya tokare, ba ko kuskure. Ya murɗe murfin mai, ya yi bisimilla, ya karkata ƙoƙon.

Na fito da gudu ina cewa, "Baffa! Baffa, tsaya, don Allah!"

Bai firgita ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai na bakaniken? Lafiya da sassafe?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, mi ke cikin ƙoƙon ga?"

Ya ce rubutu ne, na tsari, da ɗan jiƙon sassaƙe. Wani malami ke yi masa. Ya ce tun yana saurayi yake ba shanunsa irinsa kafin su fita kiwo. Shekarar da ciwo ya zo, ƙafa ta hana shi zuwa karɓowa, ga abin da ya biyo baya. Ya dafa motar ya ce, "Duk abin da ya rage na garkena yana cikin wagga. Ba ni bari ta fita ba ta sha ba."

Na ce, "To Baffa, wa ya nuna maka nan za a zuba?"

Ya ce ba wanda ya nuna masa. Kullum yana zaune yana kallon Sahabi in ya zo da hantsi, ta nan yake ga yana ƙara mata abin shanta.

Na ce, "Ba ka tambayi Bello ba?"

Ya kawar da kai. Sai na tuna Bello ɗan fari ne. Tsohon nan ko sunansa ba ya faɗa, balle ya tsaya gabansa yana tambayarsa yadda ake yi da mota. Kuma abin tsari ba a yinsa a gaban jama'a. Gida ɗaya suke, motar tana kwana tsakanin ɗakunansu, amma wata biyu ba wanda ya san abin da ɗayan ke yi.

Na nuna masa ƙarfen awo, na yi masa bayani da sannu, cewa wannan ramin na mai ne kaɗai, ruwa ko na mene ne in ya shiga, cinye ƙarfe yake. Na buɗe masa lagireto na ce in dai sai ta sha, ga wurin ruwa nan, ya tace ya zuba kaɗan, ko ya shafa mata a jiki. Ya dubi ƙoƙon. Can ya ce, "To direban, mi ya hana shi zuwa kwanakin ga?"

Ashe ba wanda ya faɗa masa. Ni na faɗa masa, da bakina, har da abin da na ce a tasha. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Tsohon ya rufe ƙoƙonsa da faifai, ya koma bukka.

Da Bello ya fito na ja shi gefe na gaya masa. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Abin da ya fara cewa shi ne, "Malam Bawa, don girman Allah kada sunan tsoho ya fita. Ka ce komi, ban da wannan." Na yi masa alkawari.

Daga nan muka wuce fadama neman Sahabi. Muka same shi da buhu a ka, ya rame, wuyansa duk ƙaiƙayi. Ya sauke, ya saurare ni har na gama. Bello ya miƙa masa makulli, bai karɓa ba.

Ya ce, "Malam Bawa, ba a fadama ka ce ni ɓarawo na ba. A tasha ka faɗa."

Ranar kasuwa ta zagayo, na je tashar Gummi lokacin da ta fi cika. Na hau kan wata tsohuwar taya na ɗaga murya, na ce jama'a ku shaida, abin da na faɗa a kan Sahabi ƙarya ne, bai taɓa man ba, ni na yi gaggawa. Sahabi yana tsaye a gefe, Bello yana jikin motarsa.

Wani ɗan kamasho ya ce, "To mun ji. In ba shi ba, wa ke zuba ruwan?"

Na ce wannan ba zan faɗa ba.

Ya ce, "Ah to! An dai je an roƙe ka."

Aka fara dariya, wasu har sun juya za su koma lodi. Na dubi Bello, ya sunkuyar da kai. Na dubi Sahabi, na ga ya fara gyara hularsa zai tafi. Na rasa abin yi, ga alkawari, ga mutum yana nutsewa a gabana.

Sai na ji an ce, "Ku dakata."

Baffa Jaɓɓi ne. Ashe tun asuba ya tako zuwa bakin hanya ya hau wata motar, bai shiga ta ɗansa ba. Ya ratso mutane da sandarsa har tsakiya, mutumin da ko a taron suna ba a jin muryarsa.

Ya ce, "Ni na. Ni ke zuba mata rubutu inda ba a zubawa, don ban sani ba. Bawan Allan ga bai ci komi ba. Wanda zai yi dariya, ga ni, ya yi da ni."

Ba wanda ya yi. Ɗan kamashon nan ma ya cire hularsa ya mayar. Tsohon ya juya, bai dubi ɗansa ba, ya miƙa hannu ta gefe. Bello ya ɗora masa makulli. Shi da kansa ya taka har gaban Sahabi ya ba shi, ya roƙe shi ya yafe masa. Sahabi ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Ba komi, Baffa."

Ni ma na matsa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ya wuce, Malam Bawa."

Ya ci gaba da tuƙa motar nan har ta tsufa a hannunsa. Duk ranar kasuwa ta gaban garejin nan yake wucewa, ya danna mini ham, ya ɗaga hannu, in ɗaga masa. In mun haɗu a masallaci mu gaisa har da tambayar iyali. Amma ko juyen mai ne, sai ya kai ta Anka. Wata rana ta mutu masa a nan kan kwanar, ina zaune ina kallo, taku kaɗan tsakaninmu. Na miƙe na ɗauki akwatin sifana. Ya ɗaga mini hannu ya ce in yi zamana, ya tara masu dako suka tura ta suka wuce da ita.